Babban masanyayi ko ƙarami: wanne ya dace da furosesa a ɗakin da babu esi?

Wani ɗan'uwa daga Sakkwato, mai sana'ar tace bidiyon biki da walima, ya aiko da tambaya. Yana haɗa kwamfutar tebur, ya riga ya sayi furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Ryzen 7 5700X, da ya buɗe kwalin sai ya tarar babu masanyayi a ciki, wato abin da ake ɗaurawa a kan furosesa don ya kwashe zafinsa. A kasuwa an nuna masa iri huɗu: wani ɗan gajere da ke kwanciya a kan furosesa da fanka milimita 92, wani mai hasumiya ɗaya ta faya-fayan ƙarfe da fanka milimita 120, wani ƙato mai hasumiya biyu da fankoki 140, sai kuma na ruwa mai lagireto. Shagonsa babu esi. Yana son ya san ko babban ya fi ƙaramin da gaske, ko kuwa asarar kuɗi ne kawai.

Ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a sana'a. Da ni ne a wurinka, mai hasumiya ɗaya da fanka 120 zan ɗauka, muddin bututunsa na jan ƙarfe sun kai huɗu. Ɗan gajeren nan kuwa ba zan taɓa shi ba sai in akwatin kwamfutar siriri ne da ba ya ɗaukar waninsa. Amma bari in faɗa maka dalili, domin gobe za ka iya sauya furosesa, kuma amsar za ta sauya tare da shi.

Abin da za ka fara riƙewa shi ne, kusan duk wutar da furosesa ya sha zafi take komawa. In ya ja wat 80, to ka ɗauka akwai wani ɗan rusho mai wat 80 da aka kunna a kan fili wanda bai kai faɗin akwatin ashana ba. Aikin masanyayi shi ne ya kwashe wannan zafi ya miƙa wa iskar ɗaki. Don haka girman da kake buƙata yana bin yawan wutar da furosesan ke sha lokacin da yake aiki tuƙuru. Daidai ruwa daidai tsaki. Naka, 5700X, mai ƙwaya takwas ne, AMD ta fito da shi a 2022, ta rubuta masa wat 65, kuma a saitin da ya zo da shi ba ya kai wat 90 ko da ka ɗora masa fitar da bidiyo na awa guda. Wannan ba zafi ba ne mai yawa. Ka kwatanta da Core i9-13900K na Intel: an rubuta masa wat 125, amma kamfanin da kansa ya ba shi izinin ja har 253. Haka Ryzen 9 7950X, an rubuta 170, yana iya kai 230. Kai hatta Core i5-12400 da ake kira mai wat 65 yana iya hawa 117 na ɗan lokaci. Lambar da ke jikin kwali ke nan ba ita ce iyakar zafin ba, kuma mutane da yawa nan suke yin kuskure na farko.

Su ma masu ƙera masanyaya suna rubuta tasu lambar, ka ga an buga "wat 200" a jikin wani ɗan abu da bai cika tafin hannu ba. Babu wani ma'auni guda da kamfanoni suka yarda da shi wajen wannan lissafi, kowa yadda ya ga dama yake aunawa. Kamfanin Noctua na ƙasar Austiriya ma ƙin rubuta irin wannan lamba ya yi, ya fito da nasa tsarin maki. Ni abin da nake dubawa shi ne yawan bututun, yawan faya-fayan alminiyam, da girman fankar.

Bututun nan su ne zuciyar abin. Ba ƙarfe ba ne cikakke, cikinsu rami ne, an zuƙe iskar an bar ɗan ruwa kaɗan an toshe. Da yake babu iska a ciki, ruwan yana tafasa tun zafi bai yi nisa ba. Tururin ya gudu zuwa sama inda faya-fayan suke, ya huce, ya koma ruwa, sannan garin jan ƙarfe da aka manna a bangon bututun ya tsotso shi ya dawo da shi ƙasa, kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Haka yake ta zagayawa, babu inji, babu abin da zai lalace. Kowane bututu yana da iyakar zafin da zai iya ɗauka, shi ya sa mai shida ya fi mai biyu. Su kuma faya-fayan, su ne filin da zafin ke haɗuwa da iska. In sun yi yawa, iska mai tafiya a hankali ma ta isa ta kwashe zafin. A kasuwa akwai na jabu, masu bututun ado kawai. Gwajin ba wuya: tsoma gindin a ruwan zafi ka riƙe kan bututun. Na gaske cikin daƙiƙu kaɗan za ka ji zafi ya iso yatsanka.

Batun fanka ma lissafi ne mai sauƙi. Faɗin da fanka ke sharewa yana ƙaruwa fiye da yadda ido ke gani. Mai milimita 120 ta ninka mai 80 fiye da sau biyu a fili, ta fi mai 92 da kusan kashi saba'in cikin ɗari, ita kuma mai 140 ta fi mai 120 da wajen kashi ɗaya bisa uku. Dubi fankar sama ta ɗaki: tana juyawa a natse, amma ta cika ɗakin da iska. Ƙaramar fankar tebur in tana son ta kamo ta, sai ta yi ta gudu tana ƙara. Kuma ƙarar fanka tana hawa da sauri fiye da iskar da take bayarwa. In ka ninka gudunta, iskar ta ninka, ƙarar kuwa ta wuce ninki nesa ba kusa ba. Wanda ya taɓa shiga ɗakin da ake ajiye manyan kwamfutocin saba ya san kukan fankoki masu milimita 40 da ke juyi sama da dubu goma a minti. Kai da kake sauraron muryar ango da amarya da ta maroƙi kana daidaita sauti, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Fanka 120 da ke juyi dubu ɗaya a minti kusan ba za ka ji ta ba, amma mai 92 da ta haura dubu biyu da ɗari biyar za ta hana ka jin ƙananan kurakuran da ke cikin sautin. Ga kuma boris: fankar da take gudu kullum a ƙarshen ƙarfinta ita ce ke fara gajiya.

Yanzu ga wurin da nake so ka tsaya sosai, domin shi ne ya sa amsar da zan ba ka ta bambanta da wadda za ka ji a YouTube. Masu gwada waɗannan kaya a Turai da Amurka suna yin gwajinsu a ɗaki mai sanyi, digiri ashirin da ɗoriya. Masanyayi kuwa, na iska ko na ruwa, ba ya ƙirƙirar sanyi. Abin da yake iyawa shi ne ya riƙe furosesa a wata tazara sama da zafin iskar da yake shaƙa. A ce mai gwaji ya nuna maka furosesa ya tsaya a digiri 75 a ɗaki mai digiri 22. Tazarar 53 ce. Ɗauki wannan masanyayi ka kai shi shagonka a watan Afrilu, lokacin da Sakkwato ke haura digiri 40, rufin kwano yana ta amayo zafi: 40 da 53 sun ba ka 93. Iyakar da AMD ta sa wa 5700X ita ce digiri 90. Da ya isa can ba zai ƙone ba, zai rage gudun kansa ne don ya tsira, kai kuma ka ga bidiyon da ya saba fita kafin la'asar ya kai ka magariba. Abin da Bature ya kira "ya isa" a ɗakinsa, a ɗakinka ya gaza. Ban ma lissafa cewa iskar cikin akwati ta fi ta ɗakin zafi ba, musamman in katin hoto yana aiki a ƙasan furosesan yana turo nasa hucin sama.

Saboda haka ƙa'idar da nake bi wa duk wanda zai yi aiki a ɗakin da babu esi, a Sakkwato yake ko Maiduguri ko Damagaram, ita ce ya ƙara mataki ɗaya a kan abin da masu gwaji suka ce ya wadatar. Inda suka ce ɗan gajere ya isa, a ɗauki hasumiya ɗaya. Inda suka ce hasumiya ɗaya, a ɗauki biyu. Furosesanka a ƙasa mai sanyi zai rayu da ɗan gajeren, shi ya sa na ce maka hasumiya ɗaya. Irin su Cooler Master Hyper 212, mai bututu huɗu, an daɗe ana amfani da shi a wannan matsayi kuma bai ba da kunya ba. In ka samu Thermalright Peerless Assassin 120, mai hasumiya biyu da bututu shida da fankoki 120 guda biyu, kuma kuɗin bai yi nisa da na farkon ba, ɗauke shi, fankokin za su yi ta juyi a hankali ko a tsakiyar bazara.

To me ya hana in ce ka ɗauki ƙaton kawai a huta? Dalili na farko, ribar girma tana da inda take tsayawa. Zafin sai ya fita daga ɗan mitsitsin gutsuren da ke cikin furosesa, ya ratsa murfin ƙarfe, ya ratsa man da aka shafa, kafin ya taɓa gindin masanyayi. Wannan ƙofa ce ƙunƙuntacciya. In faya-fayan sun riga sun fi ƙarfin zafin da ke isowa gare su, ƙara wasu ba ya buɗe ƙofar. Daga ɗan gajere zuwa hasumiya ɗaya za ka ga bambanci babba. Daga hasumiya ɗaya zuwa ƙato, a kan furosesa mai ƙasa da wat 90, 'yan digirori ne kawai, kuma kuɗin da za ka ƙara ya fi amfani in ka saka shi a RAM, wato ma'ajiyar aikin kwamfuta ta wucin gadi, ko a fankokin akwati. Ƙaton yana biyan kuɗinsa ne in za ka hau Ryzen 9 5900X ko 5950X, waɗanda ke shiga mazauni ɗaya da naka, wanda ake kira AM4, amma suna iya jan wat 142. In wannan na cikin niyyarka nan da shekara ɗaya ko biyu, to saye ɗaya ya fi saye biyu.

Dalili na biyu shi ne wuri. An sha kawo min kwamfuta murfin gefe a hannu, domin an sayi masanyayi an ɗaura, murfin ya ƙi rufuwa. Noctua NH-D15, wanda ya fito a 2014 kuma har yau ake auna sauran da shi, tsayinsa milimita 165 ne. Hyper 212 EVO 159, Peerless Assassin 120 SE 155. Akwatuna masu araha da yawa ba sa ɗaukar 165, wasu ko 155 ba sa kaiwa. Kafin ka biya, nemi lambar da kamfanin akwatin ya rubuta, in babu, sa rula daga saman furosesa zuwa inda murfi ke zama, ka bar ɗan sarari. Sai RAM: fankar gaba ta NH-D15 tana zama a kan ramukan RAM, kuma milimita 32 kacal ta bari a ƙarƙashinta. RAM masu fitilu dogaye ne, da yawa sun haura 40. Za ka iya ɗaga fankar sama, amma duk milimitar da ka ɗaga ta ƙaru a kan tsayin, murfin ya sake zama matsala. A ƙananan bod kuma, wato babban allon da ake dasa furosesa da sauran kaya a kai, ƙaton yakan matse ramin katin hoto na farko.

Na uku nauyi. NH-D15 da fankokinsa ya haura kilo ɗaya da giram ɗari uku, kuma a rataye yake a jikin bod ɗin da ke tsaye. A kan tebur babu komai, maɗaurinsa ya isa. Amma ku masu bidiyo kukan ɗauki kwamfuta zuwa wurin taro, a bayan mota ko a Keke Napep, a kan hanyar da ka sani. Kowane rami da aka faɗa, nauyin nan yana fizgar bod ɗin. In dole ne a yi tafiya, a kwantar da akwatin bod ɗin yana ƙasa, in tafiyar mai nisa ce a kwance masanyayin gaba ɗaya. Kuma ka kiyaye wajen kwancewa: furosesan AM4 irin naka ƙafafunsa a jikinsa suke, in man ya bushe yakan biyo masanyayin ya fito daga mazauninsa, ƙafafun su lanƙwashe. Kunna kwamfutar ta ɗan yi ɗumi, kashe ta, sassauta notuna, murɗa a hankali hagu da dama, sannan ka ɗaga.

Ɗan gajeren ba abin banza ba ne, wurinsa ne daban. Noctua NH-L9 tsayinsa milimita 37 ne gaba ɗaya, an yi shi don akwatunan da ba su wuce kaurin littafi babba ba, a kan furosesa mai shan wuta kaɗan. Yana da wata fa'ida guda: da yake ƙasa yake hurawa, iskar tana taɓa ƙananan kayan wuta da ke kewaye da furosesa, waɗanda a bod masu araha ba a rufa musu ƙarfen sanyaya ba. Masu tokumbon ofis irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk sirara kuma sau da yawa ba su da zaɓi ma, domin maɗaurin da akwatin na kamfani ne. Nasu gyaran shi ne shara da sabon mai.

Na ruwa kuwa ba na ba ka shawararsa. Mai lagireto milimita 120 bai fi hasumiya mai kyau ba, mai 240 yana gogayya ne da hasumiya biyu, sai mai 360 ne ke wucewa, shi kuma don masu jan wat 200 zuwa sama aka yi shi. Yana da famfo, famfo kuma yana mutuwa, ruwan ma yana raguwa a hankali cikin shekaru. Ranar da famfon ya tsaya, aikinka ya tsaya, sai ka sayi sabo dungurungum. Na iska in fankarsa ta mutu, ƙarfen yana nan, kowace fanka 120 ka samu a kasuwa za ta riƙe ka. Ga wanda ke nesa da inda ake karɓar garanti, wannan kaɗai ya ishe ni hujja.

Akwai abin da ya fi girman masanyayi tasiri kuma ba a cika kula da shi ba, wato iskar da ke shiga akwatin. Akwatunan da ake yayi yanzu, masu gilashi a gaba da fitilu kala-kala, da yawansu a toshe suke. Ka sa ƙaton masanyayi a ciki, sai ya yi ta juya iskar da ya riga ya ɗumama. Nemi akwati mai raga a gaba, ka sa fankoki biyu masu shigo da iska, 120 ko 140 in wurin ya ɗauka, da ɗaya a baya mai fitarwa. Fankar masanyayin ta riƙa hurawa zuwa baya, iska ta bi hanya ɗaya daga gaba zuwa baya. Masu shigowa su ɗan fi mai fitarwa ƙarfi, domin iskar ta riƙa fita ta ƙananan ramuka maimakon ta tsotso ƙura ta cikinsu. Ka zaɓi fankoki masu ƙafa huɗu a jikin filogi, su ne bod ya fi iya juya gudunsu daidai da zafi, ka shiga BIOS, wato shafin saitin bod da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, ka saita su yi shiru lokacin da ba a aiki.

Ƙura ita ce abokiyar gabarmu ta biyu bayan zafi. Da hunturu ya kama, cikin 'yan makonni za ka ga ta yi bargo a fuskar faya-fayan, kuma masanyayin da ya toshe, komai girmansa, ya koma ƙarami. A nan ma babban yana da sauƙi, domin ana iya cire fankarsa a busa, kuma yana da rarar da zai jure kafin a share. Ɗauke akwatin daga ƙasa ka ɗora a tebur. A lokacin ƙura ka busa da bulowa duk wata, ka riƙe fankar da yatsa kada iskar ta juya ta fiye da ƙima. Na san wasu na buɗe murfin gefe su jingina fankar ɗaki. Zafin yana sauka, gaskiya ne, amma ƙurar da ke shiga ta ninka, gwamma a gyara hanyar iskar.

Wajen ɗaurawa, duba gindin masanyayin ka ɓare ledar da ke manne a kai. Wani ya taɓa kawo min kwamfuta mai hasumiya biyu tana kashe kanta bayan minti kaɗan, yana shirin sayen na ruwa, ashe ledar ce ba a cire ba. Man da ake shafawa, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake a tsakiya ya isa, ka ɗaure notunan kaɗan-kaɗan kana musanyawa har su zauna daidai. Ka tabbata kwalin yana ɗauke da maɗaurin AM4. Yawancin waɗanda suka hau AM4 suna hawa AM5 ma, wato mazaunin AMD da ya biyo bayansa, amma Intel ta sauya tazarar ramuka a 2021 da ta fito da mazauninta LGA1700, don haka tsohon kaya na iya zuwa babu maɗaurin da ya dace.

Bayan ka gama, kada ka tsaya ga maganata, gani ya kori ji. Sauke HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin furosesa da gudunsa, buɗe shi, ka saka bidiyo mai tsawo ya fita da tsakar rana, lokacin da shagon ya fi zafi, ka bar shi minti ashirin. In zafin ya tsaya ƙasa da 80, ka yi dace. Tsakanin 80 da 85 a watan Afrilu babu damuwa. In yana manne da 90 kuma gudun furosesan yana sauka, buɗe murfin gefe ka sake gwadawa: in ya faɗi sosai, laifin akwatin ne, ƙara fanka a gaba, in bai motsa ba, kwance masanyayin ka duba mai da ɗauri kafin ka yi tunanin sayen wanda ya fi shi.